Ka karanta kemistiri amma lab bai kwanta maka ba? Ga yadda ake shiga aikin bayanan sinadarai

Ƙannena masu digirin kemistiri, in aka tambaye ku me za ku yi bayan bautar ƙasa amsar bata wuce uku, ko koyarwa, ko lab ɗin wani kamfani in an dace, ko kuma a ajiye kwalin a kama wata sana'ar daban. To akwai wata hanyar da ba a cika faɗa mana a aji ba, wato ka zama masanin bayanan sinadarai. Mutumin nan baya riƙe kwalbar gwaji, baya shaƙar hayaƙin asid, aikinsa shine ya san inda bayanin kowane sinadari yake a duniya, ya zaƙulo shi, ya tabbatar ba ƙarya bane, sannan ya tsara shi yadda mai bincike ko lauya ko hukuma zasu iya yanke hukunci da shi. Kuma fa dole sai wanda ya san kemistiri da gaske, domin ma'aikacin laburare zalla ko ɗan kwamfuta zalla bazai kalli zanen ƙwayar sinadari, wato molecule, ya ce maka an juya wannan kabon ɗin ba daidai ba.

Aikin ba sabo bane. Leopold Gmelin a Jamus ya fara tattara bayanan sinadarai cikin kundi tun 1817, Friedrich Beilstein ya fitar da nasa na sinadaran kabon a 1881, a Amurka kuma aka fara Chemical Abstracts a 1907, inda mutane ke zama su karanta duk takardar binciken da ta fito su taƙaita ta. Wannan ce ta zama CAS ta yau, wato Chemical Abstracts Service, da ke birnin Columbus a jihar Ohio, reshe ce ta American Chemical Society, kuma har gobe masana kemistiri ne ke karanta takardu da fatent, wato takardun mallakar ƙirƙira, suna ciro sinadaran da ke ciki. Bugun takarda dai an daina shi a farkon 2010, komai ya koma kwamfuta. Shi kansa Eugene Garfield da ya ƙirƙiro Science Citation Index, kundin da ke nuna wace takarda ta ambaci wace, a 1964, wanda daga hannunsa aka samo wannan impact factor ɗin, ma'aunin darajar mujallun bincike, da ke hana malaman jami'a barci, digirinsa na farko kemistiri ne.

Abu na farko: ka daina yarda da suna

Wannan shine tushen aikin gaba ɗaya, in ka riƙe shi sauran zasu zo da sauƙi. Maganin ciwon kan nan da muke ce ma farasitamol, a Amurka acetaminophen suke kiransa, a shago Panadol ne ko Tylenol, a takardar bincike kuma zaka iya ganin dogon suna na IUPAC, ƙungiyar duniya mai tsara sunayen sinadarai, duk abu ɗaya ne. Sannan akwai akasin haka wanda yafi haɗari, sunaye masu kama da juna amma abubuwan daban. Propylene glycol ana sa shi a maganin ruwa na yara babu matsala, diethylene glycol kuwa guba ne mai kashe ƙoda, dukkansu ruwa ne garai-garai mai ɗan kauri da ɗan zaƙi, ido bazai raba su ba. A ƙarshen 2008 aka samu diethylene glycol a cikin wani maganin haƙoran yara a Najeriya, hukuma ta ce yara 84 ne suka rasu, kafin nan an taɓa yin irin haka da farasitamol na ruwa a 1990, sannan a 2022 aka sake gani a Gambiya da maganin tari. Lambar rajistar sinadari bata maye gurbin gwajin lab, wannan gaskiya ne, amma duk wanda ke rubuta takardar saye ko takardar rajista ya kamata ya san propylene glycol 57-55-6 ne, diethylene glycol 111-46-6, ethylene glycol kuma 107-21-1.

Waɗannan su ake kira lambar CAS, an fara bada su a 1965, kuma yanzu rajistar ta wuce sinadarai miliyan 200. Kamar lambar NIN take, Musa nawa ne a Kano amma kowa da tasa. Lambar bata gaya maka komai akan tsarin ƙwayar, bi da bi kawai ake bayarwa, sai dai lambar ƙarshe tana da amfani sosai domin da ita ake gane ko an yi kuskuren bugawa. Ɗauki ta ruwa, 7732-18-5. Ka ajiye 5 ɗin gefe, ka fara daga dama kana ninkawa: 8 sau 1, 1 sau 2, 2 sau 3, 3 sau 4, 7 sau 5, 7 sau 6. Ka haɗa 8 da 2 da 6 da 12 da 35 da 42 zaka samu 105, lambar ƙarshen 105 kuwa 5 ce, ta dace da wadda ka ajiye, shikenan lambar lafiyarta ƙalau. Ka gwada da ta itanol 64-17-5 ka gani. Wannan ɗan lissafin yana da rana musamman yanzu da mutane ke tambayar manhajojin hira na AI, zasu baka lamba cikin ƙarfin gwiwa alhali wani lokacin ƙirƙirarta suka yi, in ma ta ci lissafin sai ka je CAS Common Chemistry, kyauta ne, ka duba ko sinadarin da ake nufi ne.

Wani tarkon kuma, gishirin sinadari da wanda ya sha ruwa da busasshensa kowanne lambarsa daban. Copper sulfate busasshe fari 7758-98-7 ne, shuɗin nan mai ƙwayar ruwa biyar da muka saba gani a lab ɗin sakandare kuma 7758-99-8, in ka auna giram ɗin wannan da lissafin wancan ka ɓata aikin tun kafin a fara.

Koyi rubuta zane a layi ɗaya

Kwamfuta bata ganin hoton zobe mai kusurwa shida yadda kake gani, sai an mayar mata da shi rubutu. David Weininger ne ya fito da SMILES a shekarun 1980, kuma wallahi cikin yamma ɗaya zaka kama tushensa. Itanol CCO ne, kabon, kabon, oksijin, ba a rubuta haidurojin domin ita kwamfutar ta san nawa ya kamata. Canza wuri kaɗan ka rubuta COC ka samu dimethyl ether, fomula ɗaya ce C2H6O amma ɗaya ruwa ne ɗayan gas, kaga dalilin da yasa neman abu da fomula kaɗai ɓata lokaci ne. Benzin c1ccccc1, ƙananan haruffa na nufin zoben aromatik, lamba 1 ɗin nan biyu kuma suna nuna inda aka buɗe zoben da inda aka rufe shi. Farasitamol kuwa CC(=O)Nc1ccc(O)cc1, ka bi shi a hankali da biro da takarda: kabon, kabon mai ɗauri biyu da oksijin, naiturojin, sai zobe, sai oksijin a can ɗaya gefen. In ka iya zana shi daga wannan layin ba tare da ka leƙa ko'ina ba to ka shigo gari.

Matsalar SMILES ita ce abu ɗaya ana iya rubuta shi hanyoyi da yawa, OCC ma itanol ne. Shi yasa IUPAC tare da NIST ta Amurka suka fito da InChI a 2005, daga baya aka ƙara InChIKey, gajeren saƙo mai haruffa 27 wanda kowace manhaja zata fitar da shi iri ɗaya. Na itanol shine LFQSCWFLJHTTHZ-UHFFFAOYSA-N, kwafe shi ka liƙa a Google kaga abin mamaki. Haruffa 14 na farko ƙashin ƙwayar suke nunawa, wato wa ke haɗe da wa, kashi na biyu kuma shi ke ɗauke da yadda abubuwan suka juya a sarari. Gulukos da galaktos a siffarsu ta zobe mai shida kashin farko ɗaya suke, a na biyun suka rabu. Mai gaggawa sai ya kalli farkon ya ce ai abu ɗaya ne aka maimaita ya goge ɗaya, to irin wannan ne ake biyanka albashi don kar ya faru.

Rumbunan da zaka zauna a cikinsu

Manya biyun na kuɗi ne, SciFinder na CAS da Reaxys na Elsevier wanda ya haɗe tsofaffin kundin Beilstein da Gmelin a 2009, kuɗinsu ba na mutum ɗaya bane sai jami'a ko kamfani. Kar wannan ya kashe maka gwiwa, na kyautan sun isa ka koyi sana'ar. PubChem na hukumar lafiya ta Amurka tun 2004 yake, sinadarai sama da miliyan 100. ChemSpider yana hannun Royal Society of Chemistry ta Ingila. ChEMBL da ke kusa da Cambridge shine wurin sakamakon gwajin magunguna, wane sinadari aka gwada akan wane furotin ko wace ƙwayar cuta kuma me aka samu. Cambridge Structural Database da Olga Kennard ta kafa a 1965 na tsarin kiristal ne, ya haye miliyan ɗaya a 2019, Protein Data Bank na furotin, NIST WebBook da SDBS na Japan kuma in kana neman sifektira. Sannan ka je wurin shugaban laburaren makarantarku ka tambaye shi ko sun yi rajistar Research4Life, shirin da ke buɗe ma makarantun ƙasashe masu tasowa mujallun bincike, a nan HINARI da AGORA da ARDI suke, makarantu da yawa suna da shiga amma ɗalibai basu ma san da zancen ba.

Sai dai ka gane bambancinsu. PubChem matattara ce, ɗaruruwan wurare ne ke zuba mata kaya, kamfanonin sayar da sinadarai da jami'o'i da wasu rumbunan, in ɗaya yayi kuskure sauran suka kwafa sai kaga kuskuren ya bayyana a wuri goma kamar shaidu goma alhali bakin mutum ɗaya ne. Don haka duk adadin da ka gani, zafin narkewa ne ko ƙarfin magani, ka bi sawunsa har takardar da aka fara auna shi, ka ga da wace hanya aka auna kuma a wane yanayi. Ni a ganina wanda bai da haƙurin wannan bin sawun gara ya nemi wani aikin tun da wuri.

Nema da zane iri uku ne kuma PubChem yana yin dukkansu. Akwai neman ainihin ƙwayar, akwai neman duk ƙwayar da ke ɗauke da wani yanki da ka zana a cikinta, sai neman masu kama, inda ake bada maki daga 0 zuwa 1 da ma'aunin Tanimoto. Na biyun ne zaka fi amfani da shi, kuma shi ke buƙatar kan mai kemistiri, domin in ka zana yankin da faɗi zaka samu dubban ɗaruruwa, in ka matse shi da yawa kuma abin da kake nema ya sulale.

Mu gwada da bishiyar ƙofar gida

A ce wata ɗaliba ta zo maka da furojet ɗinta akan bagaruwa, tana so ta san me aka riga aka ciro daga cikinta. In ka rubuta Acacia nilotica kaɗai ka bar rabin aikin a baya, domin masana tsirrai sun mayar da ita Vachellia nilotica, tsofaffin takardu suna ƙarƙashin tsohon suna sababbi wasu nan wasu can. Haka kaɗanya, da Butyrospermum parkii ce yanzu Vitellaria paradoxa, gawo da Acacia albida yanzu Faidherbia albida, su tafasa da rai-ɗore an kwashe su daga Cassia zuwa Senna. Saboda haka matakin farko Plants of the World Online na Kew zaka je ka kwaso sunan da aka amince da shi da duk tsofaffin, sannan ka haɗa su da OR a akwatin nema. Sunan Hausa kansa sai an yi hattara, gari da gari yana canzawa, darbejiya a wani wurin dogonyaro ce a wani wurin maina, a wani wajen kuma suna ɗaya bishiya biyu yake nufi. Wani likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, yana taimakawa, amma samfurin da aka kai ɗakin ajiyar tsirrai aka bashi lamba shine hujja.

Daga nan sai rumbunan sinadaran tsirrai, LOTUS da COCONUT, da kuma na nahiyarmu. Fidele Ntie-Kang na Jami'ar Buea a Kamaru shi da abokan aikinsa sun yi shekaru suna bin takardu suna zana sinadaran da aka ciro daga tsirran Afirka suna zuba su a rumbu, daga AfroDb har zuwa ANPDB, Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu ma tana da SANCDB. Wannan fa shine ainihin aikin da nake baku labari, kuma ɗan Afirka ne yayi shi.

Abin da zaka miƙa ma ɗalibar ba tarin PDF bane. Tebur ne: sunan sinadari, SMILES, InChIKey, daga wane ɓangare aka ciro shi, ɓawo ko ganye ko 'ya'ya, wa ya fara ruwaito shi a wace shekara, da wace hujja, gwajin NMR mai nuna tsarin ƙwaya aka yi ko kuwa kawai laburaren injin GC-MS, mai kwatanta sakamako da jerin da aka ajiye masa, ne ya ce yayi kama. Wannan layin na ƙarshe yana da nauyi ƙwarai, domin takardu da yawa suna jera sunaye ashirin daga hasashen inji kawai, wani lokacin har da robar da ta narke daga murfin kwalba, su phthalate, a ce wai daga ganye suka fito. In ɗalibar ta gane cewa abin da take shirin shafe wata shida tana tacewa an riga an tace shi an buga tun kafin a haife ta, ka cece ta, sai ta karkata inda ba a taɓa ba.

Fatent, inda kuɗin yake

Kamfanoni basa fara kai sabon sinadari mujallar bincike, ofishin fatent suke fara kaiwa, wasu sinadaran ma a can kaɗai zaka taɓa ganinsu. Abubuwan da zaka haddace kaɗan ne: ana buga takardar neman bayan wata 18 da shigar da ita, kariyar shekara 20 ce daga ranar shigarwa, kuma ta ƙasa-ƙasa ce, fatent ɗin Amurka baya ɗaure kowa a Kano sai in an yi rajistarsa a Najeriya. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin OAPI mai hedikwata a Yawunde, Ghana da Sudan suna ARIPO da ke Harare, Najeriya kuwa rajistarta daban take yi a Abuja. Ƙirƙira ɗaya zata iya fitowa a ƙasa talatin da lamba talatin, dangi ɗaya ne, kar ka ƙirga su talatin.

Espacenet da Patentscope da Google Patents duk kyauta ne, SureChEMBL kuma yana baka damar nema da zane. Kana buɗe fatent ka tsallake dogon surutun farko ka tafi sashen da aka rubuta ma Claims, nan ne kaɗai abin da doka ta kare, sauran bayani ne. Ka koyi lambobin rukuni ma, A61K na haɗa magunguna, A61K 36 na magungunan tsirrai, A01N na maganin ƙwari da ciyawa, C07D na zobba masu wani atom da ba kabon ba, suna kamo maka abin da kalma ta kasa kamowa musamman fatent ɗin da aka rubuta da Sinanci ko Japananci.

Sannan ga Markush, wanda ya samo suna daga Eugene Markush da fatent ɗinsa na rini a 1924. Maimakon a zana ƙwaya ɗaya sai a zana ƙashi a sa R1, R2, R3, a ce R1 zai iya zama wannan ko wancan ko wancan, zane ɗaya sai ya rufe miliyoyin sinadarai da ba wanda ya taɓa haɗa yawancinsu. Tambayar da lauya zai maka ita ce, sinadarinmu ya faɗa cikin wannan shingen ko bai faɗa ba? Ranar da ka iya amsa wannan da hujja ka zama mutum mai tsada.

Kar kuma ka ɗauka abin na manyan kamfanoni ne kawai. A 1994 ofishin fatent na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka fatent akan maganin fangas daga man darbejiya, 'yan Indiya da magoya bayansu suka kawo shaidar cewa an daɗe ana yin haka a can, aka soke shi a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Na kurkum akan warkar da rauni ma an bada shi a Amurka a 1995 aka soke a 1997 bayan hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce. Da takarda aka ci waɗannan shari'o'in, wani ne ya zauna ya tono, daga baya Indiya ta gina rumbu guda na ilimin maganin gargajiyarta don masu duba fatent su riƙa gani. Namu na sabara da marke da kalgo mafi yawansa yana bakin tsofaffi ne da takardun ajami da furojet ɗin ɗalibai da ƙura ta rufe a sito, mai duba fatent a ofishin Turai da ke Munich bazai taɓa ganinsu ba.

Ɗan kodin kaɗan

Ba sai ka zama injiniyan manhaja ba, amma Python da SQL daidai gwargwado sun zama dole. RDKit, kayan aikin sarrafa bayanan sinadarai a Python, kyauta ne, in laftof ɗinka bata da ƙarfi ka buɗe Google Colab ka girka shi a can, data kawai zaka ci. Aikin gwaji na farko: ka tattaro sinadarai hamsin na zogale da SMILES ɗinsu, ka sa RDKit ya lissafa nauyin kowanne, ya fitar da InChIKey, ya nuna maka maimaitattu, sannan ka auna su da ƙa'idar Lipinski ta 1997, nauyi kar ya wuce 500, logP, wato ma'aunin yadda sinadari yafi son mai akan ruwa, kar ya wuce 5, masu bada ɗaurin haidurojin 5, masu karɓa 10. Ƙa'idar jagora ce kawai ga maganin haɗiya, sinadaran tsirrai da yawa sun karya ta kuma suna aiki.

Yawancin lokacinka a shara zai tafi, cire gishiri daga jikin ƙwaya, daidaita caji, gyara ma'auni domin wani ya rubuta nanomola wani maikuromola kuma tsakaninsu ninki 1000 ne. Excel ma yana da nasa sharrin, ka liƙa masa 75-09-2 ta dichloromethane sai ya iya mayar maka da ita kwanan wata, don haka ka mayar da layin Text tun kafin ka zuba lambobin ba bayan ka zuba ba.

Bari in ɗan yi gefe. Yanzu yayin docking ake, wato gwada a kwamfuta ko sinadari zai manne ma furotin, kowa ya sauke furotin ya jefa masa quercetin ya samu maki ya rubuta takarda wai ya gano maganin ciwon daji ko na sikari. Quercetin da curcumin suna cikin sinadaran da aka sani da nuna kamar suna aiki a kusan kowane gwaji, tun 2010 Jonathan Baell da Georgina Holloway suka fitar da jerin irin waɗannan yankunan masu yaudara da ake kira PAINS. Masanin bayanai na kirki shi ke taka ma irin wannan burki, ba shi ke ƙara mata mai ba.

Ƙofar da tafi kusa da mu

Ba kowa ne zai samu CAS ko Elsevier ba, amma duk kamfanin da ke shigo da sinadari ko haɗa fenti, sabulu, taki, maganin ƙwari ko magani yana buƙatar mai iya takardun hukuma, rajistar NAFDAC da takardar kariya ta SDS. Ita SDS sashe 16 gare ta bisa tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2 haɗari, na 3 abin da ke ciki da lambobin CAS, na 4 taimakon gaggawa, na 7 ajiya, na 8 kayan kariya, na 10 abin da bai kamata a haɗa shi da shi ba. Ka sauke guda goma na abubuwan da ka sani ka karanta su daga farko har ƙarshe, ka kwatanta na kamfani biyu akan abu ɗaya zaka ga inda suka saɓa. Masu fitar da amfanin gona ma haka, a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dichlorvos, sinadarin nan na fiya-fiya, lambarsa 62-73-7. Iyakar ragowar maganin da kowace kasuwa ta yarda da ita a rubuce take a rumbun bayanansu, wani ne kawai ya kamata ya duba kafin a loda riɗi ko citta ko zoɓorodo a kwantena.

Yadda ranar aiki take kuwa, zama ne da karatu, ido da baya su ke biyan kuɗin, kuma sunanka ba kasafai zai fito a takardar da aka buga ba ko da kai ka nuna hanyar. Mutane zasu zo maka da tambaya a dunƙule, "nemo min komai akan wannan", kar ka taɓa kwamfuta sai ka zaunar da mutum ka tambaye shi me zai yi da amsar, haɗawa zai yi, saye zai yi, ko tsoron shari'a yake, domin kowanne nemansa daban. Ka riƙa rubuta duk neman da kayi, wane rumbu, wace rana, waɗanne kalmomi, sakamako nawa, saboda in kace ba a samu komai ba dole ka iya nuna inda ka duba. 'Yan'uwa mata da hidimar gida ta hana tsayuwar awa takwas a lab, wani ɓangare na wannan aikin daga ɗaki ake yinsa in akwai wuta da intanet. 'Yan Nijar kuma Faransancinku jari ne, wanda ya ƙara da Jamusanci ko Sinanci ko na karatu ne kawai ya wuce sa'o'insa.

Mai son ƙaro karatu, Jami'ar Strasbourg a Faransa tana da mastas a wannan fannin, Sheffield a Ingila ta daɗe da suna a bincikensa, wasu kuma ta mastas ɗin laburare suke shigowa akan digirinsu na kemistiri. American Chemical Society tana da sashen bayanan sinadarai da ake kira CINF, Royal Society of Chemistry tana da CICAG, ka bi su kaga tallan aiki da tarukan da wasunsu ta intanet ake yi. Amma kafin duk wannan ka gama teburin nan na zogale ko bagaruwa, ka ɗora shi a GitHub, shafin da masu kodin ke ajiye aikinsu, da ɗan bayanin inda ka samo kowane layi da kurakuran da ka tarar a rumbunan da yadda ka warware su, ka sa adireshin a saman CV ɗinka kusa da lambar waya.